Idon Likita da Lissafin Maki: Wa Ya Fi Hango Ciwon da Zai Yi Ruwa?

Ciwon tiyata ba ya nuna halinsa ranar da aka yi aiki. Yau an ɗinke, gobe an duba an ga ɗinki tsaf, jibi ma haka, har dangi sun fara tambayar ranar sallama. Sai wajen kwana na biyar ko na shida nas ta ɗaga auduga ta tarar gefen ɗinkin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi. Ta sa yatsu biyu ta danna kaɗan, maras lafiya ya cije baki, wani ruwa mai kauri ya tsattsafo tsakanin zare da zare. In aikin hanji ne, wari kaɗai ya ishe ta shaida. Sai a kira likita ya cire zare biyu ko uku, mugunya ta samu hanya, a shiga wankin ciwo safe da yamma. Wanda ya zo da guzurin mako guda sai ya share makonni. Wani kuwa abin ya wuce fata ya ci nama, ɗinkin ya ɓalle, a sake komawa da shi ɗakin tiyata.

Ba a aikin hanji kaɗai ake ganin haka ba, amma nan abin ya fi yawa. Mai gyaran ƙaba fata da nama kawai yake ratsawa. Wanda ya buɗe babban hanji kuwa ya buɗe inda ƙwayoyin cuta suka fi cunkoso a jikin ɗan Adam: giram ɗaya na kashi yana ɗauke da su wajen biliyan 100, ciki har da E. coli da Bacteroides, waɗanda ke zaune lafiya da mu muddin suna cikin hanji, su juya mana baya da zarar sun taɓa yankakken nama. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ita ta kafa ma'aunin da ake bi: ruɓewar da ta auku cikin kwana 30 bayan aikin hanji, a kan aikin ake ɗora ta, ko a fata ta tsaya, ko ta nutsa cikin nama, ko ta taru can cikin ciki.

Tambayar da ke gaban likitan tiyata ita ce: cikin waɗanda zan yi wa aiki wannan makon, na wa ne zai yi ruwa? Ta hanya biyu ake neman amsar. Ɗaya tsohuwa ce, wato idon likita da abin da shekaru suka koya masa. Ɗayar kuma lissafi ne: a tattara bayanan dubban mutanen da aka yi wa aiki, a zaƙulo abubuwan da suka fi tafiya tare da ruɓewar ciwo, a ba kowanne maki, a tara.

Ido ya riga zuwa, kuma wanda ya kira aikinsa shaci-faɗi bai yi masa adalci ba. Ƙwararren likita yana fara karantar maras lafiya tun daga bakin ƙofa: da ƙafarsa ya shigo ko riƙo shi aka yi, wandonsa ya yi masa yawa saboda rama ko kuwa, tafin hannunsa ja ne ko fari fat. A kan tebur kuma yana ganin abin da ba wanda zai rubuta. Wuƙa ta ratsa kitsen da ke ƙarƙashin fata, ya ga kaurinsa, ya san kitse ba ya samun jini sosai, don haka ba ya iya kare kansa. Ya yanke hanji, ya dakata ya ga ko bakin yankan yana fitar da jan jini ko ya yi duhu ya yi tsit. Ya san ko ɗigon kashi biyu ne ya zuba aka goge nan take, ko kwana uku ya yi yana yawo cikin ciki. Wajen rufewa hannunsa na gaya masa ko naman ya haɗu da kansa ko sai da aka jawo shi da ƙarfi. Ya san an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Babu takardar da ta san waɗannan.

To amma ganin abubuwa da yawa daban, iya auna nauyinsu daban. A 2009 wasu likitoci a ƙasar Holan suka buga sakamakon jarrabawar da suka yi wa kansu. Duk wanda ya gama haɗa hanji da hanji sai a tambaye shi nan take: kashi nawa cikin ɗari kake jin wannan mahaɗar za ta yi yoyo? Yoyon mahaɗa shi ne babban abin tsoro a wannan aikin, don shi ke zuba kashi cikin ciki ya jawo ruɓewa mafi muni. Mutum 191 aka bi, 26 suka yi yoyo. Da aka ɗora hasashen kan abin da ya faru, sai aka ga likitocin sun ƙiyasta haɗarin ƙasa da yadda yake, kuma wajen nuna wanda zai yi yoyo da wanda ba zai yi ba, ba su fi mai jefa kwabo da wani abin kirki ba.

Ba rashin iya aiki ba ne. Ido yana koyo ne in yana ganin ƙarshen labari, likitan tiyata kuwa sau da yawa ba ya gani. A 2004 an buga wani bincike daga Jami'ar Virginia a Amurka, kan mutum 176 da likita ɗaya ya yanke wa wani sashe na babban hanji ko dubura bisa shiri. Mutum 45, wato kashi 26 cikin ɗari, ciwonsu ya ruɓe, kuma kusan rabinsu sai bayan an sallame su abin ya fito. A Amurka ke nan, inda komawa asibiti ba wahala. A wajenmu, wanda aka yi wa aiki a birni ya koma ƙauye, in ɗinki ya yi ruwa kemis zai nufa ko ƙaramin asibitin kusa, don kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana shi dawowa. Likitan da ya yi aikin bai ƙara ganinsa ba, sai zuciyarsa ta sa shi cikin waɗanda suka warke. Haka zai yi shekara ashirin, hannu yana ƙara gogewa, lissafin ka kuwa yana kan rabin labari. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: mutum ne fa ake nema ya yi alƙalancin ɗinkin da hannunsa ya gama yanzun nan. Laifi tudu ne. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Paul Meehl ya tara bincike-bincike ya nuna cewa in ana maganar hasashe, ɗan gajeren lissafi yakan yi kunnen doki da ƙwararre ko ya wuce shi. Ba a kan tiyata ya yi magana ba, amma maganar ta same ta.

Shi lissafin ba a rana ɗaya ya tsaya da ƙafarsa ba. A 1964 wani kwamitin bincike na ƙasa a Amurka yana gwada ko hasken fitilar da ke kashe ƙwayoyin cuta zai rage ruɓewar ciwo a ɗakin tiyata. Don a kwatanta abu da irinsa, sai da suka kasa ciwon aiki gida-gida, kuma daga nan rabe-rabe huɗun da ake amfani da su har yau suka samo asali: mai tsabta, wato wanda ba a buɗe hanji ko makamancinsa ba, sai wanda aka buɗe bisa shiri kuma ba abin da ya zube, wanda abin ciki ya zube sosai ko aka tarar da kumburi, sai ƙazantacce, inda aka tarar da mugunya ko hanji ya riga ya huje. Peter Cruse da Rosemary Foord na asibitin Foothills da ke Kalgari a Kanada suka bi ciwon aiki 62,939 tsawon shekara goma, suka buga sakamakon a 1980. Kashi 1.5 cikin ɗari na masu tsabta ne suka ruɓe, 7.7 a rukuni na biyu, 15.2 a na uku, 40 a ƙazantattu.

Wannan rabon ciwo yake kallo, ba ya kallon mai ciwon. Shi ya sa a 1985 Robert Haley da abokan aikinsa a CDC suka ƙara tsawon aiki da yawan cututtukan da mutum ke ɗauke da su. A 1991 kuma David Culver da tawagarsa suka fito da ma'aunin da ya fi shahara, wanda ake kira NNIS, daga ayyuka 84,691 a asibitoci 44. Tambaya uku ce kacal, kowace maki ɗaya. Likitan da ke sa barci ya ba maras lafiya daraja ta uku ko sama a ma'aunin ASA, wato yana da cutar da ta taɓa jikinsa sosai? Ciwon yana rukuni na uku ko na huɗu? Aikin ya wuce lokacin da kashi uku cikin huɗu na irinsa ke ƙarewa, wanda a babban hanji awa uku ne? Marasa maki ko ɗaya, kashi 1.5 cikin ɗari suka ruɓe. Masu maki ɗaya 2.9, masu biyu 6.8, masu uku 13. Daga baya aka ce a rage maki ɗaya a wasu ayyuka, ciki har da na babban hanji, in ta 'yan huje da kyamara aka yi su, don ƙaramin yanka bai cika ruɓewa ba.

Kyan wannan lissafi shi ne ba ya gajiya, ba ya jin kunya. Amsarsa da ƙarfe goma na safe ita ce amsarsa da ƙarfe biyu na dare. Bai san ɗan mai gari ba. Ƙaramin likita da babban malami in suka cike shi daidai abu ɗaya za su samu, kuma bai buƙatar gwajin jini balle kwamfuta. Sai dai a lura, biyu daga cikin tambayoyin ukun idon mutum ne ke amsa su. Darajar ASA hukuncin likitan barci ce, rukunin ciwo kuma hukuncin wanda ya ga cikin. Lissafi bai kori ido ba, tilasta masa ya yi ya amsa tambaya guda takamaimai, a rubuce, kafin a san sakamako. A ganina nan ne rabin amfaninsa yake.

Yanzu a ɗauki mutum biyu. Na farko dattijo ne mai sankarar babban hanji, yana da ciwon suga da hawan jini da ba su daidaita ba, an shirya shi, an yi aiki awa biyu da rabi, ba abin da ya zube. Makinsa ɗaya. Na biyu saurayi ne da taifot ya huda wa ƙaramin hanji, irin waɗanda asibitocin arewacin Najeriya da kudancin Nijar suka saba gani. Ya yi kwanaki a gida ana cewa zazzaɓi ne, aka kawo shi ciki ya kumbure, aka buɗe aka tarar da mugunya da kashi, aka wanke, aka ɗinke hujin cikin awa ɗaya da rabi. Makinsa biyu. Teburin 1991, wanda ya haɗa ayyuka iri-iri wuri ɗaya, zai ce masu maki biyu kashi 6.8 ne. Duk nas ɗin da ta taɓa aiki a ɗakin maza na tiyata dariya za ta yi wa wannan adadin. Kuma gaskiya na wajenta.

Shaidar tana cikin binciken GlobalSurg da mujallar Lancet Infectious Diseases ta buga a 2018, wanda ya bi mutum 12,539 da aka yi wa aikin ciki a asibitoci 343 na ƙasashe 66. A ƙasashen da suka ci gaba, kashi 9.4 cikin ɗari ne ciwonsu ya ruɓe. A masu matsakaicin hali 14, a na ƙasa 23.2. In aka ware ƙazantaccen ciwo kaɗai, adadin ya tashi daga 17.8 a ƙasashen farko zuwa 39.8 a na ƙarshe, wato daidai inda Kalgari take wajen shekara arba'in kafin nan. Har ila yau, cikin ciwukan da aka gwada ƙwayar cutarsu a ƙasashen na ƙasa, sama da kashi ɗaya bisa uku ba sa jin maganin rigakafin da aka bayar kafin aiki. Lissafi asibitin da aka haife shi kawai ya sani. In aka ɗauke shi aka kai wani wuri, jerin da yake yi bai cika rushewa ba, mai maki uku yakan fi mai maki ɗaya haɗari, amma adadin da yake faɗa ya zama na wasu mutane.

Ko a gidansa ma NNIS yana da gurgunta, don ba don a gaya wa mutum ɗaya makomarsa aka ƙirƙire shi ba. An yi shi ne don a kwatanta asibiti da asibiti ba tare da an zalunci wanda ke karɓar masu tsananin ciwo ba. Biyu daga tambayoyinsa sai an gama aiki ake sanin amsarsu, saboda haka ba ya taimakon wanda ke zaune da iyali ana shawarar a yi ko a jinkirta. A aikin babban hanji na shiri kuma kusan kowa rukuni na biyu yake faɗawa, sai tambaya guda ta tashi a banza. Bai tambayi ƙiba ba, bai tambayi faɗuwar jini ana cikin aiki ba, alhali waɗannan biyun ne binciken Virginia ya kama. Bai tambayi sanyi ba, alhali tun 1996 Andrea Kurz da Daniel Sessler suka nuna, a kan mutum 200 da aka yi wa aikin babban hanji a Ostiriya, cewa waɗanda aka bari jikinsu ya yi sanyi kashi 19 suka ruɓe, waɗanda aka ɗumama kashi 6.

Maganin da aka fara kawowa shi ne ƙara tambayoyi. A 2013 ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ta buɗe na'urar lissafi a intanet, wadda aka gina kan mutum miliyan 1.4 daga asibitoci 393, tana tambayar abubuwa 21 kafin aiki. Abin da ya fi jan hankalina a cikinta shi ne, bayan ta gama lissafinta, akwai wajen da likita zai danna ya ce a ɗaga haɗarin, don ya ga abin da ba a tambaya ba. Masu lissafin da kansu suka bar wa ido kujera. Sai dai majinyatan da aka gina ta a kansu na Amurka ne, ba masu taifot ba.

A 2024 masu GlobalSurg suka fito da nasu, GloSSI, mai tambaya shida: darajar ASA, ciwon suga, rukunin ciwo, buɗe ciki aka yi ko da kyamara, tsawon aiki, da kuma arzikin ƙasar da aka yi aikin. Ƙarfinsa wajen 0.73 ne. Ma'anar adadin ita ce, in aka ɗauko mutum biyu, ɗaya ciwonsa ya ruɓe ɗaya bai ruɓe ba, aka ce lissafi ya nuna wane ne wane, zai dace sau 73 cikin 100. Wanda ya rufe ido ya zaɓa zai dace sau 50. An ci gaba, amma ba duba ba ne. Tambayar arzikin ƙasa kuwa tana tsaye ne a madadin abubuwan da ba a auna ba: ruwa, wuta, na'urar dafa kayan aiki, ingancin magani, da kwanakin da maras lafiya ya yi kafin ya iso. Asibitin koyarwa da asibitin ƙaramar hukuma duk ta zuba su a kwando ɗaya.

Akwai kuma tambayar da masu son lissafi ba su cika tsayawa a kanta ba: in an hango, sai me? Gwaje-gwaje biyu da aka yi a ƙasashe bakwai, ciki har da Najeriya da Gana da Benin, sun ba da amsa mai sanyaya jiki. FALCON, a 2021, ya gwada mutum 5,788 ya ga maganin goge fata mai tsada da zaren da aka shafa wa magani ba su fi aidin da zare na yau da kullum ba. ChEETAh, a 2022, ya bi mutum 13,301 ya ga canza safar hannu da kayan aiki kafin a rufe ciki ya sauko da ruɓewa daga kashi 18.9 zuwa 16. Abin da ya yi aiki mai araha ne, kowa ake yi wa, ba sai an hango komai ba. Haka allurar rigakafin ƙwayoyin cuta kafin a sa wuƙa, haka ɗumama jiki. Hasashe yana shigowa ne inda shawara ke da nauyi: a rufe fata yau ko a bar ta buɗe a ɗinke bayan kwanaki, a haɗa hanji ko a fito da bakinsa waje a sa jaka, a jinkirta aikin shiri har suga ya sauka mutum ya ɗan murmure, wa za a riƙe, wa za a kira a waya. Da kuma abin da za a gaya wa ɗan da ya tare likita a baranda yana cewa, «Likita, yaya jikin Baba, yaushe za mu tafi?» Gara ya ji tun yau cewa irin ciwon Baba yakan yi ruwa, ya tanadi kuɗin wanki, da ya wayi gari yana zargin an yi sakaci.

A kan wasu daga waɗannan shawarwari, musamman haɗa hanji ko fito da shi, likita ne zai yanke, don shi ke riƙe da hanjin. Amma in maganar adadi ce, kashi nawa cikin ɗari, ni lissafi na ba gaskiya, kuma gajeren, wanda za a cike cikin minti ɗaya kafin a fitar da maras lafiya daga ɗaki. Dalilina ba wai ya fi likita sani ba ne. Shi in ya yi kuskure ana iya kama shi a gyara, kuskuren ido kuwa ba ya barin sawu. Sharaɗin kawai shi ne adadin ya zama na gida. Babban binciken CDC da Haley ya jagoranta ya nuna cewa asibitocin da suka riƙe ƙirga cututtukan da ake ɗauka a cikinsu da gaske, suna gaya wa kowane likita nasa adadin, sun rage su da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Saboda haka kirana ga shugabannin sassan tiyata ne. A ajiye littafi guda a ɗakin aiki. Duk wanda aka buɗe wa hanji a rubuta darajar ASA, rukunin ciwo, tsawon aiki, ko yana da suga, da lambar wayar wani nasa. A bar layi ɗaya likita ya rubuta nasa hasashen kafin ya cire safar hannu. Ranar kwana 30 a kira a tambaya ko ɗinki ya yi ruwa, a rubuta. Ƙarshen shekara a zauna a karanta littafin gaban kowa, daga babban malami har ɗan koyo.